Tunjeren zomaye: Yadda ake gane shi da yadda ake maganinsa

Tunjeren zomaye cuta ce ta fata da ke kama al'aura da fuskar zomo, kuma galibi wajen barbara take yaɗuwa. Ƙwayar bakteriya mai siffar murɗaɗɗen zare ce ke haddasa ta, wadda masana suka daɗe suna kira Treponema paraluiscuniculi. Tun a shekarar 1913 aka yi bayanin wannan ƙwaya a rubuce-rubucen likitanci. 'Yar'uwa ce ta kusa ga Treponema pallidum, mai jawo tunjere a jikin mutum, daga nan ne ma sunan ya samo asali. Sai dai ta zomaye ba ta kama ɗan Adam. Wanda ya ɗauki zomo mai cutar, ko ya share masa keji, ba shi da abin fargaba a kanta.

Ana samun cutar a ko'ina ake kiwon zomo a duniya. Abin da ya sa ta shafi matasan da suka rungumi wannan kiwo a bayan gida shi ne al'adar aron namiji. Mai zomanya biyu ko uku ba kasafai yake ajiye nasa namijin ba, sai ya kai su wurin maƙwabci ko ya aro. Namiji ɗaya mai ɗauke da ƙwayar na iya zagaye kejin unguwa guda kafin kowa ya farga, domin alamu ba sa fitowa sai bayan mako 3 zuwa 6, wani lokacin ma fiye. Uwa kuma tana iya shafa wa 'ya'yanta lokacin haihuwa ko shayarwa, shi ya sa ake ganin cutar a jikin ƙaramin zomon da bai taɓa barbara ba.

Alamomi

Abin yakan fara ne da ja da ɗan kumburi a gaban zomanya, ko a kan fatar gaban namiji, da kewayen dubura. Daga nan ƙananan ƙuraje su fito, su fashe su zama miki, sannan su yi ɓawo mai kauri.

Yawancin masu kiwo a fuska suke fara lura da ita, don ba kowa ke juya zomo ya duba ƙarƙashinsa ba. Yadda take kaiwa fuska yana da nasaba da ɗabi'ar dabbar. Zomo yana lasar jikinsa, kuma yana cin wani kashi mai laushi kai tsaye daga duburarsa, wanda yake wani ɓangare ne na yadda yake narkar da abinci. Ta haka ƙwayar ke komawa hanci, leɓe, haɓa da fatar ido. Ɓawon da ke kan hanci kan taru har ya yi tsini kamar ɗan ƙaho.

Duk da munin kallon, zomon yakan ci gaba da cin abincinsa da kazar-kazar. Asarar tana bayyana ne a wajen haihuwa: namiji ya riƙa ƙin barbara saboda zafi, zomanya ta ƙi ɗaukar ciki, ko ta yi ɓari, ko 'ya'yan su mutu da wuri. Akwai kuma zomayen da ke ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba, sai wahala ta same su, kamar cunkoso ko doguwar tafiya, sannan ƙurajen su ɓullo. Wani lokaci mikin kan bushe da kansa, mai kiwo ya ɗauka an rabu, alhali ƙwayar na nan.

Cututtukan da ake rikita ta da su

Ƙazuwa ce kan gaba. Ita ma tana sa ɓawo a hanci da kewayen ido, amma tana zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma takan kama ƙafafu da gefen kunne. Makero yana zubar da gashi a zagaye. Fitsari ma, idan keji ba ya bushewa, yana ƙona fatar ƙarƙashin zomo har ta yi kama da farkon tunjere. Bambancewar tana da muhimmanci, domin allurar ibamektin da ke kashe ƙazuwa ba ta taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Baƙin mai da wasu ke shafa wa duk wani ɓawo kuwa, zomon zai lashe shi ne kawai ya ƙara wa kansa wata cutar.

Likitan dabbobi na iya kankaro ɓawon a duba a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, ko a gwada jini. Gwajin jinin tunjeren mutane yana nuna ta, saboda kusancin ƙwayoyin biyu, amma yakan ɗauki makonni bayan kamuwa kafin jinin ya nuna. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, su ne irin wuraren da ake neman tabbaci. A aikace, sau da yawa likita kan dogara da kamannin mikin da wuraren da ya fito, sannan yadda ya amsa magani ya tabbatar masa.

Magani

Penisilin ne maganinta, amma ta allura kaɗai. Abin da aka saba shi ne penisilin mai daɗewa a jiki, nau'in benzatin, a ƙarƙashin fata, sau ɗaya a mako har sau uku. Littattafan likitancin dabbobi suna farawa daga yunit 42,000 kan kowane kilo na nauyin zomo, amma likita ne zai auna ya yanke. Miki yakan warke cikin kwana 10 zuwa 14, kuma dole a cika allurai ukun ko da fata ta koma daidai. Duk zomayen da suka haɗu da mai cutar ake yi wa tare, har waɗanda ba su nuna komai ba, a kuma dakatar da barbara har a gama.

Haɗarin gaske yana cikin kemis ɗin unguwa, inda ake sayar da amoksisilin, ampisilin da Ampiclox ba tare da takardar likita ba. Dangin penisilin ne, saboda haka mai kiwo kan ga kamar zai iya fasa kafso ya zuba a ruwan sha. A cikin hanjin zomo akwai ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. Waɗannan magunguna, idan suka bi ta baki, suna kashe su, sai wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium ta samu fili ta saki guba. Zawo ya biyo baya, zomon ya mutu cikin 'yan kwanaki, alhali cutar da ake yi wa magani da wuya ta kashe shi. Linkomaisin, kilindamaisin da eritromaisin ma haka suke.

Ko da allurar ce, sai an sa ido. A wadata zomon da busasshiyar ciyawa da harawa, a rage dusa da hatsi. In ya daina ci, ko kashinsa ya yi ruwa, a koma wurin likita kafin allura ta gaba. Zomanya mai shayarwa tana buƙatar shawara ta musamman saboda 'ya'yanta.

Zomon da aka yi wa penisilin ba a yanka shi don ci ko sayarwa sai wa'adin da likita ya faɗa ya cika, domin ragowar maganin na zama a nama. Sabon zomo daga kasuwa kuwa, a ware shi a kejinsa na tsawon makonni, a juya shi a duba gabansa da duburarsa da hancinsa kafin a haɗa shi da sauran. Namijin aro ma haka, ranar zuwansa da ranar mayar da shi.