makami mai linzami

makami mai linzami (suna, namiji, jam'i: makamai masu linzami). Makamin da roka ke ɗauka, na'ura tana juya shi kamar yadda linzami ke juya doki. Misali: "A Zermu muka ji a rediyo an harba makami mai linzami." Mafi muninsu shi ne mai ƙetare nahiyoyi, wanda zangonsa ya wuce kilomita 5,500, ɗauke da bam ɗin nukiliya. Tarayyar Sobiyet ce ta fara cin nasarar gwada nata, R-7, a Agustan 1957. Amurka ta girke nata, Atlas, a 1959. In aka kwatanta, igwar da aka ƙera a Damagaram zamanin Sarki Tanimu sai an jawo ta kusa da ganuwa. Mai ƙetare nahiyoyi kuwa yana iya tashi daga rami a ƙarƙashin ƙasa, ya isa wata nahiya cikin kusan minti 30.