Fijo mai ƙofa biyu da direbobin Dutsi

Duk wanda zai ba da tarihin mota a ƙasar Arewa ta Nijar sai ya fara da hanya, domin ita ce ta koya wa mutanenmu abin da za su duba a jikin mota. Hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso, ta ratso Kore Mairuwa ta shiga Dogondutsi, wato Dutsi, ta wuce Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, ba injin ne ya fara shata ta ba. Kakanninmu ne, da kwando a ka da gatari a hannu, zamanin aikin dole na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 1946. Tsofaffin da na taras ba sa maganar hanyar nan da murmushi. Sun san waɗanda suka tafi aikinta ba su dawo ba, sun kuma san itatuwan da aka sare, waɗanda 'yan bori suka ce gidajen iskoki ne. Wata Baturiya mai bincike, Adeline Masquelier, da ta zauna a Dutsi, ta yi rubutu a 2002 a kan yadda Arawa ke ɗaukar hanyar nan: ita ke kawo arziki, ita ke cin mutane.

Motoci na farko da suka yi suna a wannan layi su ne Citroën takwas masu sarƙa a baya, waɗanda suka taso daga Aljeriya a watan Oktoba na 1924, suka ƙetare Sahara, suka sauka Yamai, sannan suka nufi Damagaram da tafkin Cadi. Abin kallo ne kawai, sun wuce. Motar da ta shiga rayuwar talaka ita ce babbar Berliet mai ɗaukar gyaɗa da mutane a saman buhuna, sai kuma Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo.

Fijo 404 ta fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai. Samfurinta mai buɗaɗɗen baya, wanda ake ɗaura wa tamfol a sa benci biyu, shi ne ya haɗa kasuwannin ƙauye da gari. Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dumega, Geceme, duk ita ce. Wake, gero, awaki a ɗaure, mata da ƙoren nono, mai shayi da tebur ɗinsa, duk a cikinta. Sai 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, kuma a 1971 aka fito da doguwarta mai layin kujeru uku. Wannan doguwar ce ta zama sarauniyar tasha. Masu ƙerawa sun yi ta don mutum bakwai har da direba. A nan mutum tara take ɗauka, ban da jarirai da kayan da aka tula a sama.

Abin da ya ƙara dasa ta a Arewa shi ne maƙwabtaka. Daga Tibiri ko Dumega, iyakar Najeriya tafiyar hantsi ce, kuma mutanen Kangiwa da Argungu 'yan'uwanmu ne na jini da aure. A 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar mu, a 1975 kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Sitiyari ya zo ɗaya, kayan gyara suka zo ɗaya. Abin da ya karye da safe a Dutsi, kafin la'asar ɗin gobe an kawo shi daga Sakkwato. A lokacin kuma ga mai a kwalba da jarka bakin hanya, na 'yan ruwa-ruwa, da arha. Yaro ya shiga gareji yana wanke ƙusa a gwangwanin mai, ya fito yana iya sauke injin 504 ya mayar ba tare da ya taɓa ganin takardar masana'anta ba. Haka kawuna ya koya, ƙanen mahaifiyata, kuma a garejinsa na yi zaman hutun makaranta ina miƙa sifana.

Akwai wata kafa ta biyu da 504 ke shigowa, wadda matasan yanzu ba su gani ba. A shekarun 1980 samarin Turai, Faransawa da Jamusawa da 'yan Holan, kan sayi tsohuwar Fijo a ƙasarsu, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasat da In Gezam, su shigo Nijar ta Asamaka, su sauko Arlit da Agadas. Daga nan hanyar yuraniyom ta kawo su Tawa da Ƙonni, waɗanda ba su sayar ba su biyo ta gabanmu zuwa Yamai. Kuɗin motar shi ne kuɗin jirgin komawa gida. Dillalai sun san su daga nesa: mota fara fat da ƙura, faranti biyu na ƙarfe a sama na fita daga rairayi, jarkoki, da fuskar da rana ta ƙone. Mafi yawa doguwar suke kawowa ko mai ƙofa huɗu, don sun san abin da kasuwa ke so.

A cikin irin waɗannan ne wata rana wani Anasara ya tsaya kusa da tasha da motar da ba mu saba gani ba. Tambarin zaki ne a gabanta, lamba 504 ce a bayanta, amma ƙofarta biyu. Gajera ce, ƙasa-ƙasa, hancinta dogo, rufinta ya kwanta baya a hankali har ya sauka kan but. Fitilun gaba huɗu ne ƙanana a jere, ba manyan biyun da muka sani ba. Ko da ƙurar Sahara a jikinta, kana ganin layin da ya taso daga fitila ya bi gefen ƙofa ya mutu a baya ba tare da ya karye ko sau ɗaya ba. Kafin ya gama shan ruwa, direbobi da 'yan kamasho da yaran mota sun kewaye ta.

Wani matashin direba, wanda aka sani da son gudu a layin Doso, ya zagaya ta yana shafa ta da gefen hannun rigarsa. "Wallahi wagga ita ce mota," in ji shi. "Sauran duk jakuna muke kora." Ya roƙi Anasaran ya tayar. Ƙarar ta fito a tattare, ba tari, ba rawar jiki, ya taka mai allura ta haura nan take. Matashin ya dubi kawuna: "Maigida, ka ji hwa. Wagga in ta kama kwalta, kahin ka gama addu'ar tahiya kana Doso."

Kawu bai amsa ba. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashinta ya auna tsakaninta da ƙasa da taƙi, ya miƙe, ya buɗe ƙofa ya kwantar da kujerar gaba ya leƙa baya. Sannan ya sa aka buɗe bonet. A nan ya daɗe. Inda ya saba ganin kaburata, sai ga wani famfo da siraran bututu huɗu na ƙarfe, kowanne ya nufi silinda ɗaya. Ya kira ni: "Yaro, zo ka gani. In wanga ya sha ƙura ya toshe tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri, wa za ya buɗe shi? Kaburata in ta toshe, in cire in busa da baki in mayar. Wanga sai wanda ya yi shi." Wani dattijon direba ya ƙara da nasa: tsohuwa mai zane za ka ce ta sunkuya ta ratsa bayan kujera ta shiga? Buhu nawa but ɗin zai ci? Mutum huɗu, biyu a takure, ta yaya za su biya kuɗin mai da na jandarma da na mai mota?

Matashin bai ja da baya ba, kuma wannan ne ya sa gardamar ta yi daɗi. Ya ce ba kowace mota aka yi don haya ba. Ya ce sarakunan Arewa sun ciyar da dawakan da ba su taɓa ɗaukar buhu ba, ba wanda ya ce asara suka yi. Aka yi shewa, domin ya faɗi abin da kowa ya sani.

Daga baya, da karatu ya kai ni, na san abin da muka kewaye a ranar. An nuna 504 mai ƙofa biyu a baje kolin motoci na Janeba a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, a can kusa da Turin ake ƙera gangar jikinta, sannan a kai Faransa a sa mata inji. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.55 ce, an rage santimita 19 daga ta mai ƙofa huɗu, ita kuwa doguwar tasha tata mita 2.90 ce. Wannan gajarta ita ke sa ta juya a kwana da sauƙi, ita ce kuma ta cinye wurin ƙafar mai zama a baya. Famfon da ya ba kawuna haushi na kamfanin Kugelfischer ne na Jamus, yana fesa mai maimakon kaburata. A 1974 aka sa wa wasu injin silinda shida, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera. An daina yin ta a 1983, kuma duka-duka ba ta kai dubu 30 ba, alhali dangin 504 gaba ɗaya sun haura miliyan 3.

Abin da zai ba mutanen tasha mamaki shi ne, motar da suka ce ba ta daji ba ce, a dajin Afirka ta yi suna. A 1978 Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da 504 mai ƙofa biyu mai silinda shida, ya kuma ci na Bandama a Kodebuwa a shekarar. Amma waccan an ɗaga ta, an ɗaure cikinta da ƙarfe, ga makanikai da motocin kayan gyara suna jiran ta a kowane zango. Direban Dutsi ba shi da kowa sai yaron motarsa, da igiyar roba, da waya, da sabulun da zai liƙe tankin mai in dutse ya huda shi.

Ni dai a wannan gardama ina bayan kawuna, amma ba na yarda a ce direbobin Arewa ba su san kyau ba. Sun sani sarai. Mutanen da ke wanke doguwar Fijo kowace asuba, su sa mata labule da geza, su rubuta mata addu'a a gilashin baya, su gane motar abokinsu da ƙararta tun tana hawan tudu kafin a hango ta, ba za a koya musu son mota ba. Sun ga kyan mai ƙofa biyu kafin su ga aibinta, shi ya sa suka daɗe a kanta. Sai dai ma'auninsu ya fi na mai zane a Turin faɗi. Shi yana tambaya yadda za ta kwanta a kwana. Su suna tambaya yadda za ta fita daga rairayin kwarin dallol bayan ruwan Agusta, da mai naƙuda a ciki, asibiti kuma yana Dutsi. Doguwar 504 tana da gatarin baya guda mai ƙarfi da sifirin huɗu, tana shanye gargada da kaya a kanta. A hanyar burji wannan ne gudu, domin wadda ta fi ta sauri a kwalta za ta tsaya tana lallaɓa cikinta. Anasaran bai samu mai saye a Dutsi ba, ya wuce Yamai, inda akwai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata masu mota ta biyu.

Zamanin ya juya da sauri. A farkon shekarun 1990 tawaye a arewacin Nijar da yaƙin cikin gida na Aljeriya suka rufe hanyar Sahara ga samarin Turai. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi. Tsofaffin motoci suka koma shigowa ta tashar jirgin ruwan Kwatano, su hau gadar Malanbil zuwa Gaya, kuma yawancinsu na Japan ne. Toyota Hiace ta ƙwace layin kasuwanni da kujerunta masu yawa, manyan bas irin na Rimbo suka ƙwace doguwar tafiya. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, sannan ita ma ta daina. A 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, aka kuma rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yuli, kwalbar ruwa-ruwa ta yi tsadar da tsohuwar Fijo mai shan mai ba ta iya biya.

Yanzu a Turai masu tara tsofaffin motoci ne ke farautar mai ƙofa biyun, suna biyan kuɗi masu yawa. A nan kuwa son gudu da son kyan ƙarfe ya koma kan babur, domin shi ne abin da saurayi ke iya saya da kuɗin cin rani, kuma shi ne ke shiga ƙauyen da Hiace ba ta zuwa. Ranar kasuwar Kore Mairuwa, in ka tsaya wurin 'yan kabu-kabu, za ka ji ana musu a kan wanda ya fi tashi da wanda ya fi tanki mai kyau, sai wani ya tambayi buhun wake nawa yake ɗauka zuwa Tibiri, da ko akwai kayan gyaransa a Kangiwa.