Littattafai Uku a Kan Jamusawan da Suka Bijire wa Hitler

Sau da yawa akan ɗauka cewa ɗaukacin Jamusawa sun yi wa Hitler mubaya'a. Haƙiƙa mafi yawansu sun bi shi ko sun ja bakinsu sun yi shiru, amma an sami 'yan tsiraru da suka sayar da rayukansu. Littattafai uku za su haska wa ɗalibi wannan al'amari.

Ya kamata a fara da *The Rise and Fall of the Third Reich* na William Shirer, ɗan jaridar Amurka da ya yi aiki a Berlin. Littafin ya fito a 1960, ya kuma bayyana yadda Hitler ya rushe jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago a 1933, har masu adawa suka rasa mafaka.

Daga nan sai *Die Weisse Rose* na Inge Scholl, wanda aka buga a 1952. A ciki ta ba da labarin ƙannenta, Hans da Sophie, ɗaliban Jami'ar Munich da aka kama suna rarraba takardun suka. An fille musu kai ranar 22 ga Fabrairu, 1943.

Na uku shi ne *The History of the German Resistance* na Peter Hoffmann, wanda ya bi diddigin yunƙurin hafsoshin soja tun daga 1938 har zuwa bam ɗin da Kanar Stauffenberg ya dasa ranar 20 ga Yuli, 1944.

Duk waɗannan yunƙure-yunƙure ba su kawar da Hitler ba. Wanda ya karanta littattafan a jere zai fahimci dalili: tun a shekarar farko aka toshe kafofin adawa, ana kallo.