Lambar yaƙi

lambar yaƙi (suna, mace, jam'i: lambobin yaƙi). Ƙarfe ne da ake ƙerawa da siffar tauraro ko kwabo, a rataya shi da ƙyalle mai launi a ƙirjin soja, domin shaidar cewa ya halarci wani fagen daga. Ta bambanta da lambar jarunta, wadda ake bayarwa saboda bajintar mutum shi kaɗai. A zamanin mulkin mallaka Ingila ta ba sojojin Najeriya irin waɗannan lambobi, kuma tushen rundunarsu shi ne dakarun Hausawa da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863, waɗanda aka kai yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Mafi shahara cikin lambobin ita ce Tauraron Bama, mai tsini shida, wadda aka ƙirƙiro a 1945 domin waɗanda suka yi yaƙi da Japan a ƙasar Bama, ciki har da runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Barikokin Arakan a Apapa da Myohaung a Yaba suna ɗauke da sunayen fagagen yaƙin Bama har yau.