Fuzar injin fotokwafi

Fuza sashe ne na injin fotokwafi da ke narkar da garin tona ya manne a takarda. Tana da rola biyu, ta zafi da ta matsi. Zafinta kan kai kusan digiri 200 a ma'aunin Selshiyos.

Matsaloli

Fuza kan yi ƙara idan haƙoran giya ko boris suka cinye. A garuruwa irin su Talata Mafara, Bakura da Maradun, ƙurar hunturu da danshin damina kan sa takarda ta maƙale.

Gyara

Ana kashe injin, a bar fuza ta huce don gudun ƙuna, sannan a zaro takardar a hankali. Ba a sa ƙarfe mai kaifi, domin yana karce rola. Giyar da ta cinye sauya ta ake yi.