Koyar da Fahimtar Karatu Gwargwadon Shekarun Ɗalibi: Bitar Bincike da Halin Azuzuwan Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin wasu fitattun ayyukan bincike kan fahimtar karatu, ta auna su da abin da aka saba gani a azuzuwan firamare da sakandare na ƙasar Hausa. Matsayinta shi ne, abin da ke hana ɗalibi gane rubutu yana sauyawa yayin da yake girma, alhali darasin da ake yi masa yana nan yadda yake: a karanta, a amsa tambayoyi, a ba da maki.

1.0 Gabatarwa

A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi suna da shekara 10. Zuwa 2022, bayan rufe makarantu saboda korona, adadin ya haura zuwa kashi 70, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 89. Ganewa ake aunawa a nan, ba furta kalmomi kawai ba. Gough da Tunmer (1986) sun bayyana cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan abu biyu: iya mayar da haruffa kalmomi, da iya gane harshen da aka yi rubutun da shi. Idan ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya iya ɗaukar nauyin shi kaɗai.

Sai dai su biyun ba sa yin nauyi ɗaya a kowane mataki.

2.0 Aji ɗaya zuwa uku

A nan matsalar yawanci ta haɗa baƙi da wasali ce. Yaron da ke fama da kowace gaɓa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Rubutun Hausa na boko ya sauƙaƙa wannan aiki, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma a kan haka aka gina shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID. Amma akwai wata ƙaya: rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Yaron da ya ci karo da "gari" sai ya duba maƙwabtan kalmar kafin ya san na zama ne ko na tuwo. Ke nan ɗan Bahaushe yana buƙatar ma'ana tun a matakin furuci.

Saboda haka bai kamata a jira sai yaro ya ƙware a haruffa kafin a fara koya masa ganewa ba. Kunnensa ya riga idonsa nisa. Malama ta karanta wa aji labari da bakinta, ta tsaya a tsakiya ta tambaya me suke jin zai biyo baya, da dalilinsu. Wannan ya fi "ku maimaita" da ake yi aji ya ɗauka gaba ɗaya, wanda a cikinsa mai karatu da mai bin baki ba sa rarrabuwa.

3.0 Aji huɗu: inda ake yin tuntuɓe

Jeanne Chall (1983) ta nuna cewa wajen aji huɗu ne ake daina koyon karatu don kansa, a fara karatu domin neman ilimi. Littafin kimiyya da na sanin zaman jama'a sukan zo da kalmomin da ba a ji a gida. A Nijeriya kuma, Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta sa a koyar da harshen yankin a shekaru uku na farko, Ingilishi ya karɓa daga ta huɗu. Wato kaya biyu aka ɗora wa yaro rana ɗaya: sabon nau'in rubutu da sabon harshe. Gwajin Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da Yarbanci har shekara shida, ya nuna yaran ba su yi baya a Ingilishi ba.

Ko an bar batun harshe, akwai na sanin abin da ake magana a kai. Recht da Leslie (1988) sun ba ɗalibai 64 labarin wasan besbol. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen da ba su san shi ba gane labarin. Darasin a fili yake: ɗan Argungu zai gane rubutu kan su da gora fiye da takwaransa na birni, ko da na birnin ya fi shi saurin karatu. Minti biyar da malami zai ɓata yana hira da aji kan maudu'in kafin a buɗe littafi ba asara ba ce.

Sannan sai irin tambayar da ake yi. A ɗauki wannan jimla: "Ladi ta ɗauki tulu ta nufi rafi, ba a jima ba ta dawo tana kuka, zanenta a jiƙe, hannu rabbana." Darasin auna fahimta da aka saba zai tambaya ina Ladi ta nufa, yaro ya ɗora yatsa a kan "rafi" ya kwafe, ya ci maki ko bai gane komai ba. Amma a tambaye shi me ya sami tulun. Amsar ba ta cikin rubutun. Sai ya haɗa kukan da jiƙaƙƙen zanen da hannun da ba kome. Dolores Durkin, da ta zauna a azuzuwan firamare na jihar Ilinoi ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, ta tarar lokacin da ake ba koyar da fahimta bai kai kashi 1 cikin 100 na darasin karatu ba. Malaman na gwadawa ne, ba koyarwa ba. Duk wanda ya taɓa duba ɗalibai a aikin koyarwa na gwaji zai ga kamar ajinmu take bayyanawa.

4.0 Sakandare da manya

Ɗalibin sakandare yana karantawa ba gargada, matsalarsa ita ce bai san lokacin da ma'ana ta kuɓuce masa ba. Palincsar da Brown (1984) sun gwada wata hanya da irin waɗannan ɗalibai a aji bakwai: a ƙaramin rukuni, ɗalibai suna karɓa-karɓar jagoranci, kowa ya yi hasashe, ya ƙirƙiri tambaya, ya warware abin da ya shige duhu, ya taƙaita. Cikin makonni kaɗan sakamakonsu ya tashi ƙwarai. Ƙarfin hanyar yana ga malamin da ke fara yin tunaninsa a bayyane, yana cewa nan ban gane ba, bari in koma baya, sannan ya janye a hankali.

Wannan ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya. A makarantar zaure almajiri kan ja baƙin Ahalari ko Iziyya gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa, ba a wucewa sai an gane. Abin da ya bambanta shi ne a can malam ne mai warwarewa kullum, a nan kuwa so ake aikin ya koma hannun ɗalibi.

Za a ce ajin da ya cika maƙil ba ya ɗaukar irin wannan tsari, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma benci ɗaya mai mutum huɗu rukuni ne, kuma labari guda daga Magana Jari Ce ya isa darasin mako. Abin da ya fi wuya shi ne kwalejojin ilimi su riƙa sa ɗalibi malami ya tsaya gaban 'yan'uwansa da rubutun da bai taɓa gani ba, ya faɗi da baki yadda yake lalubo ma'anarsa, a ba shi maki a kan hakan.