Zaɓen Asibitin Haihuwa a Ciki na Biyu: Bayani ga Mazauna Titi na 125 da Kewaye

Yawancin jama'armu na Harlem, musamman mazauna gefen Titi na 125, kan zaɓi asibitin da ya fi kusa ko wanda wata 'yar'uwa ta yaba. A ciki na biyu akwai ma'aunin da ya fi wannan: yadda haihuwar fari ta kasance. Wadda ta sauka da kanta lafiya da wadda aka yi wa tiyata ba buƙatarsu ɗaya ba. Lamarin kuwa babba ne, domin rahoton Sashen Lafiya na birnin New York ya nuna cewa daga 2011 zuwa 2015, haɗarin mutuwa sanadiyyar ciki ko haihuwa ga baƙar mace ya ninka na farar mace sau 8.

A fara da haihuwar fari

Hajiya, ki nemi takardun haihuwarki ta fari, ko a nan kika haihu ko a Kumasi, Akra, Yamai ko Kano. Ko hoton katin awo aka turo miki ta WhatsApp, zai taimaki likita. Ga abubuwan da ke sauya zaɓi:

- Tiyata. Mata 60 zuwa 80 cikin 100 da suka gwada naƙuda bayan tiyata sukan haihu da kansu. Idan yankan na kwance ne a ƙasan mahaifa, haɗarin tsagewarta bai kai 1 cikin 100 ba. Tabon da ke fata ba ya nuna irin yankan da ke ciki, sai takardar aikin. Ki zaɓi asibitin da ke da likitan tiyata dare da rana.
- Hawan jini ko jijjiga. Likita kan rubuta asfirin mara ƙarfi bayan mako 12, don haka a fara awo da wuri. Kada ki saya ki sha da kanki.
- Ciwon suga na ciki. Akan yi gwajinsa tsakanin mako 24 da 28, amma wadda ta taɓa samu akan gwada ta tun kafin nan.
- Bakwaini ko zubar jini mai yawa. Ana buƙatar asibiti mai babban sashen kula da jarirai da ma'ajiyar jini.

Asibitocin da ke kusa

Uku na hukumar birni ne, ƙarƙashin NYC Health + Hospitals. Asibitin Harlem, wanda aka kafa a 1887, yana kan Lenox Avenue daf da Titi na 135, tasha ɗaya daga 125 a jirgi mai lamba 2 ko 3. A 2008 ya zama na farko a birnin da ya sami shaidar shirin WHO da UNICEF na ƙarfafa shayarwa. Metropolitan yana First Avenue da Titi na 97. Lincoln kuma yana Titi na 149 a Bronx, jirgi na 4 ko 5 na kaiwa kusa da shi.

Sai manyan asibitocin koyarwa da ake tura masu ciki mai haɗari. NewYork-Presbyterian na jami'ar Columbia yana wajen Titi na 168, jirgin A na zuwa kai tsaye. Babban asibitin Mount Sinai yana Fifth Avenue wajen Titi na 100, reshensa Mount Sinai West kuma yana Titi na 59.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, kowane likita ko ungozoma da asibitin da suke karɓar haihuwa, saboda haka wurin awonki shi ke yanke inda za ki haihu. Ki tambaya tun ranar farko. Na biyu, naƙudar biyu ta fi ta fari sauri. Maigida ya auna hanyar da rana da kuma tsakar dare, a kuma san wanda zai riƙe babban yaro. Idan aka kira 911, motar asibiti takan kai mutum asibitin da ke kusa ne.

Haƙƙi da kuɗi

Dokar jihar New York ta 1989 ta wajabta wa kowane asibiti ya ba mai ciki takardar da ke nuna yawan tiyatar da yake yi da yawan masu haihuwa da kansu bayan tiyata. Ki karɓa, ki gwada ta asibitoci biyu ko uku. Dokar tarayya ta 1986 ta hana asibiti korar mace mai naƙuda saboda kuɗi ko rashin inshora. Tafinta kyauta ne, a nemi na Hausa maimakon a sa yaro fassara.

Mai ciki mai ƙaramin samu tana iya samun Medicaid ko da takardun zamanta ba su cika ba, kuma yana ci gaba har wata 12 bayan haihuwa. Tun Maris 2024 Medicaid na jihar yana biyan mai rakiyar naƙuda, wadda ake kira doula. Daga 1 ga Janairu 2025, masu aiki a kamfanoni suna da sa'o'i 20 na zuwa awo ba tare da an yanke albashi ba. Inshora kuma dole ta biya kwanciyar sa'o'i 48 bayan haihuwa, ko 96 bayan tiyata. Kafin a yi rajista, a tabbatar asibitin yana karɓar irin inshorarki. Mai neman ƙarin bayani ya kira 311.

Tambayoyi ranar ziyara

Kuna barin gwada naƙuda bayan tiyata? Mutum nawa za su shiga ɗakin haihuwa? Za a iya samun likita mace? Ana iya roƙa, amma da dare wanda ke bakin aiki shi ake samu. Akwai abincin halal? Yaushe ake kaciya?

Sauya asibiti ba laifi ba ne idan kin ga ba a sauraronki, amma gara a yi tun ciki bai tsufa ba, a kuma tafi da dukkan takardun awo. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da za a samu.